Ɗan Janairu

A rumfar mai gyaran takalma wani mutum da wata mata suka haɗu, kowa ya kawo takalmin ƙwallon ɗansa. Ita matar ba ta nemi hira ba. Mutumin ne ya fara, kamar da ma kunne yake jira.

"Baiwar Allah, kin ji abin da masu shirya gasar yara suka yi mana? Wai yanzu daga Satumba za a riƙa ƙirga shekaru, ba daga Janairu ba."

"Na ji."

"Ɗana ɗan Janairu ne. Shi ne babba a rukuninsu, shi ne kyaftin. Yanzu za a zubo masa waɗanda suka girme shi, har da masu gashin baki."

"Sai haƙuri, malam. Haihuwa ai ba a zaɓar mata wata."

"In ji wa? Ni na zaɓa. Zama muka yi da uwarsa, ga kalanda a gabanmu."

Ta dubi mai gyaran. Mai gyaran ya dubi allurarsa.

"Naki fa?" in ji mutumin.

"Disamba. Kullum shi ne ƙarami, kullum a benci. Yanzu an ce yana cikin manya."

"Kin gani ko! Ku da ba ku shirya komai ba."

"Ba mu shirya ba kam. Shi yaron naka me ya ce?"

"Murna yake, wai ya huta. Rabu da shi, ƙaninsa na hanya."

"Masha Allah. Yaushe?"

Ya sosa ƙeya.

"Janairu. Mun riga mun gama lissafi kafin a sanar."