Idan Sabis Ya Ɗauke

A tashar Gusau, ana jiran motar Tsafe ta cika, Sahabi sakataren ƙungiyar direbobi ya dubi matar da ke gefensa rungume da kwamfuta.

"Malama, aikin kwamfuta kike yi?"

"Manhaja nake haɗawa."

"Don Allah taimake ni. Gobe zan tantance samari uku, mu ɗauki wanda zai haɗa mana manhajar da za ta riƙa gaya wa direbobi ko 'yan bindiga sun tare hanya. Wallahi ban san abin tambaya ba, takardun kowa masu kyau ne."

"Bar takarda, Malam. Kowa ya gwada tasa a gabanka, sai ka kashe data ka gani."

"In ga me?"

"Ta kirki cewa za ta yi ba ta sani ba. Wadda ta ci gaba da nuna labarin safe, ita ke kashe mutane."

Sahabi ya ciro wayarsa. Manhajar gwajin da ɗayansu ya saka masa tana cewa hanyar Tsafe lafiya lau. Sabis kuwa tun hantsi babu.

"Mota ta cika!" in ji direba.