Takardar da Salifu Ya Ɓoye Mini

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da muryata, in na tsaya numfashi nake nema.

Ni Dawda ne, daga wajen Tabla. Manomi nake sa'ad da aka kafa injin niƙa dutse bayan garinmu. Salifu, ɗan kawuna, shi aka sa shef, wato shugaban ma'aikata. Tare muka tashi, ƙwarya ɗaya muka sha fura. Da na karɓi Almasihu dangi suka juya mini baya, shi kaɗai bai daina shiga gidana ba. Da ya ce in zo aiki, ban yi tambaya ba.

Aka sa ni bakin inji. Ƙura! Fara fat, tana shiga hanci da kunne, tana kwanciya bisa hatsin gonakin kusa har ganye ya bushe. In na dawo gida, matata Hajara sai ta ce, "Maigida, ka zama fatalwa." Mu yi dariya.

Tari ya fara. Wata rana lokotoro, wato likita, ya zo daga Yamai ya auna mu duka, ya bar takardun hannun shef. Na tambayi Salifu, ya dafa kafaɗata ya ce, "Lafiyarka lau, ɗan'uwa, mura ce." Na yarda, na ƙara shekara guda bakin injin nan.

Ran kasuwar Baleyara na faɗi, ina tarin jini. Aka kai ni Yamai, ashe lokotoron nan zan tarar. Ya dubi hoton huhuna, ya dube ni. "Ba kai na rubuta tun bara a janye daga ƙura ba? Wa ya bar ka?"

'Yan'uwa, ciwon ƙirji bai kai wannan magana zafi ba.

Da aka sallame ni na tafi wurin Salifu. Ko kunya babu, ya ce, "In na cire ka, wa zai riƙe inji? Kai kaɗai ka iya shi."

Zan faɗa muku gaskiya: na daina addu'a. Ina kwance ina roƙa masa mugun ciwo. Fasto ya zo sau uku, na juya fuska bango.

Wata safiya numfashi ya ƙi. Hajara ta durƙusa ta riƙe ƙafata tana kuka, "Ya Yesu, ƙura ta ci huhunsa, kada ka bari ƙiyayya ta ci sauran!" Sai na fashe da kuka. Na ce, "Ubangiji, ban iya yafe masa ba. Ka karɓe shi daga hannuna." Nan take wani nauyi ya sauka, na ja iska har ciki. Halleluya!

Huhuna bai koma sabo ba, ina shan magani har gobe. Salifu bai nemi gafara ba, in ya hange ni sai ya sake hanya, abin yana yi mini ciwo. Amma Allah ya ba ni ƙafar komawa wurin injin, na ce wa abokan aikina kowa ya nemi takardarsa. Biyu sun tarar da irin tawa, sun fita da sauran ƙarfinsu.

Na gode wa Ubangiji da ya raya ni. Wanda na kusa ya ci amanarsa, ya kawo kukansa gun Yesu. Ni ya ji nawa. Amin.