Liƙi a Goshin Direban Amarya

A tashar Kudai da ke Makka, mata biyu suna jiran bas: baƙuwa daga Kano da wata Bahaushiya haifaffiyar garin.

"Baiwar Allah," in ji baƙuwar, "a nan ana ba direban motar amarya tukwici?"

"Ana bayarwa, Hajiya. A ambulan, a ɓoye, bayan an watse."

"Na shiga uku! Jiya a bikin 'yar ƙanwata, da ya buɗe wa amarya ƙofa, sai na manna masa riyal a goshi, liƙi irin namu na gida. Har da guɗa."

"Ya karɓa?"

"Ya tsaya ƙiƙam, kuɗin suka zube ƙasa, mutane suka zuba mini ido. Shi ya sa na sulale tun safe, na kasa haɗa ido da kowa."

"Wani dattijo mai farar mota?"

"Kin san shi?"

"Mahaifina ne. Ni ban samu zuwa ba, amma na ji labari. Ba direban haya ba ne, baffan ango ne. Cewa ya yi ba mai ɗauko matar ɗansa sai shi."

Baƙuwar ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ma'alesh, ba komai, Hajiya, bai yi fushi ba. Ya ce rabonsa da jin irin guɗar nan tun rasuwar mahaifiyarsa."