Ɗiyar Fari Ce, An Hana Ni Magana

Salamu alaikum mai gabatarwa. Daga wajen Allakaye nake rubutowa, raina a ɓace.

Ɗiyata wata huɗu gare ta, mura ta toshe mata hanci. A shirinku na ji cewa in jariri ya ƙi nono, haƙarƙarinsa na lotsawa, a tafi likita. Jiya na ga duka biyun, na gaya wa Inna, mahaifiyata. Ta ce, “Marar kunya, ɗiyar fari kake ƙirga wa numfashi?” Ta kulle ɗaki da ɗiyar a ciki, ta tada turare. Matata ma kunya ta rufe mata baki.

Ku gaya mini, in ƙwace ɗiyata in hau moto zuwa likita, ko in jira makoki? Can ma ba za su bar ni in yi kuka ba.