Takardar Ajiye Aiki

A tashar Batsari, ana jiran motar Katsina ta cika, wani dattijo ya miƙa wa na kusa da shi takarda.

"Malam, duba mini. An sayar da kamfanin casar shinkafar da nake aiki. Sababbin masu shi sun ce kowa ya rubuta ya ajiye aiki, su sake ɗaukarmu."

"Baba, kada ka miƙa! In ka rubuta, kai ka tafi, ba su suka sallame ka ba. Shekarunka sun bi ruwa ke nan. Fara zuwa ofishin ƙwadago. Tsaya, wane ne Alhaji Tayyib?"

"Maigidana na da. Ya koma Kaduna."

"Ai shi ka rubuta wa! Kuma duk neman gafara ne."

"Wa zan ajiye wa aiki in ba wanda ya ba ni ba? Shekara ashirin da biyu, kullum sai ya tsaya bakin injina ya tambayi iyalina. Waɗannan ko sunana ba su sani ba."

"Haƙƙinka fa?"

"Na ji, zan je ofishin. Amma in an ba ni haƙƙin, wa zai tsaya bakin injin ya tambayi iyalina?"