Dawar Imoru da Teku

A tashar lori ta Tamale, shekarar da aka sauke tutar Turawa, Imoru ya zauna kusa da wani ticha ɗan Sekondi ta bakin teku. Imoru ya shuka irin dawarsa duka tun ruwan farko, ga sati uku ba ɗigo.

"Ticha, ku masu jarida, yaushe ruwa zai dawo?"

"Baba, jarida ba ta sani ba. Ubana masunci ne. Ya ce in teku ta yi sanyi, kifi ya cika jirgi, hadari ya wuce zuwa arewa. In ta yi ɗumi, a wajenmu yake zubewa."

"Me ya haɗa dawata da teku? Ban taɓa ganinta ba!"

Can kuma ya sassauta murya. "To, bana akwai kifi?"

"Ubana ya rubuto mini. Gyaran taru kawai suke yi."