Shafi na Sha Bakwai

A gaban mai tsire a Zongo, wani mai kwat ya ƙura wa takardar da aka naɗe masa nama a ciki ido.

"Malam, ai bincikena ne wannan, kan fataken goro. Kyauta na raba shi a jami'armu ta Calavi. An sakar wa kowa baki, don me ilimi zai zauna a kulle?"

"Ɗalibanka suka kawo mini. Takardarka ba ta yoyon mai, Furofesa."

"Shekara shida na yi a kansa."

"Mutum nawa suka karanta a can?"

"Uku."

"To, jiya Alhaji Halilu ya ga sunan kakansa a shafi na sha shida. Sau biyar ya dawo yana neman na sha bakwai."

"Ya samu?"

"Ga shi nan a hannunka. Ci da sauri, yana hanya."